Jawabin Ƙaddamar da Littafin Tarihin Ɗakin Dodo a Manchok

 

Da marubucin wannan littafi ya zo mini da muradinsa na tattara labarin Abwoi, wanda Bahaushe ya laƙaba wa suna dodo, sai da na yi jim, domin na san akwai dattawan da har yau ba sa ambaton wannan al'amari sai da murya ƙasa-ƙasa, alhali kuwa ɗakin dodon nan da kakanninmu Asholio, da maƙwabtanmu na Kagoro da Atyap, suka gina a gefen gari, shi ne majalisarsu, shi ne kotunsu, shi ne kuma makarantar da ake shigar da yaro ya fito ya san haddin da ba a ƙetarewa. Wanda ya ga ganyen dodo an ɗaure a bakin gona, ko yunwa za ta kashe shi, ba ya karya zangarniya ɗaya. Amma kada mu yi wa tarihi kwaskwarima: iyayenmu mata su suka ɗauki nauyin dafa wake da giya, su aka fi tsoratarwa da muryar dodon nan ta dare, kuma marubucin bai ɓoye wannan ba.

Irin wannan daraja ba mu kaɗai muka san ta ba. A Japan, inda ake bin addinin Shinto, a da can kowane lardi yana da wurin ibadarsa na ɗaya, kamar na Izumo, wanda sabon gwamna kan fara ziyarta idan ya kama mulki. An maye gurbin lardunan da sabon tsarin mulki a 1871, amma wurin ibadar Izumo na nan da hadimansa da takardunsa. Mu kuwa, tun da jirgin ƙasa ya ratsa Manchok daga Kafanchan zuwa Jos a 1927, mishan da makaranta suka kafu, sai ɗakunan suka zube, ilminsu ya saura a ƙirjin tsofaffi, abin da aka rubuta kuma galibi alƙalamin baƙi ne irin su Meek a 1931.

Mai Martaba Sarkin Moro'a, ranka ya daɗe, ga littafin ɗanmu ya fito. Ina roƙon ka kwance zaren da hannunka.