Tsohuwar kwamfutarmu ba ta mutu ba: jawabi ga matasan ƙungiyoyin Damargu

Iyayenmu, ƴan uwa maza da mata na Tanut, da ku da kuka sha hanya daga Belbeji, sannunku da zuwa.

Zancena na yau a kan laftof ɗin nan ne da ke kwance cikin kabad a ofisoshin ƙungiyoyinmu. Wani aikin raya karkara ya ƙare ya bar mana ita, ko wani ɗan uwa ya aiko da ita daga Libiya ko Kano. Ta fara nauyi, sai aka ce ta tsufa. Yanzu sakatare da waya yake rubuta rahoto, sunayen mambobi kuma suna cikin kaye da gara ke ci.

Kun ji labarin cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Gaskiya ne. Kuma Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da inji na wajejen 2018 zuwa sama, wanda galibin namu ba su kai ba. To amma wa ya ce dole sai Windows? Akwai Linux Mint, akwai Lubuntu, kyauta, da Faransanci, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel. A Faransa wasu ƴan sa kai sun haɗa Emmabuntüs tun 2011 musamman don tada tsoffin kwamfutocin da ake ba ƙungiyar Emmaüs. Su da suka fi mu kuɗi ba su zubar da nasu ba.

Ni dai abin da na gani, ba shekaru ke kashe kwamfuta a Damargu ba. Ƙura ce da zafi. Hunturu ya cika fankar da rairayi, Afrilu ya zo zafi ya wuce digiri 40, inji ya rasa iska, sai ya rage gudu da kansa don kar ya ƙone. Mu kuma mu ɗora ta kan katifa ko tabarma, mu toshe mata hanci! Tamu a ofis, da mai gyara ya buɗe ta, wallahi abin da ya fito daga fankar kamar audugar matashi. Ya share, ya sake shafa ɗan man nan na sanyaya inji, ta daina mutuwa tsakiyar aiki.

Bayan shara, sai faifan ajiya. Tsohon mai juyawa shi ke sa ka kunna ka je ka sha shayi ka dawo. A canza shi da SSD, ko da mai giga 128 ne; ba abin da ke motsi a cikinsa, don haka jijjigar hanyar Damagaram ba ta lalata shi. In RAM giga 2 ce ko 4, a ƙara, in injin ya yarda. Batir kam, in ya kumbura a cire shi nan take.

Masu cewa ina amfaninta ba intanet: akwai Kiwix. Ka sauke Wikipedia ta Faransanci ko ta Hausa sau ɗaya a Damagaram, ka kawo a kile, ɗalibanmu na lise su karanta ba tare da sayen ko mega ɗaya ba.

Roƙona: kowace ƙungiya ta fiddo tata a cikin satin nan, ta rubuta sunan injin da abin da ke damunsa. Amma kafin ku miƙa wa kowane mai gyara, ku kwafe takardunku a kile biyu, don sa Linux yana iya share komai, kuma akwai sunayen mata da lambobinsu a ciki. Wanda bai san yadda ake kwafewa ba ya same ni bayan sallar la'asar.