Yadda Za a Sayar da Gida da Wuri Ba Tare da An Karyar da Shi Ba

Shugabarmu, iyayenmu mata, 'yan uwa da maƙwabta da kuka bar harkokinku kuka zo taya mu murnar zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya, sannunku da zuwa. Allah ya saka da alheri.

An ce mu matan kasuwa mu ɗan yi magana a kan sayar da gida. Wata za ta ce, ina ruwan mai sayar da atamfa da cinikin gida? To ai da ruwanmu. A cikinmu nan akwai wadda maigidanta ya rasu aka ce a sayar a raba gado, akwai wadda jinya ta ci ƙarfinta. Mun ga gidan da ya sayu cikin wata guda da darajarsa, mun kuma ga wanda ya shekara a hannun dillalai, daga ƙarshe aka ba da shi a wulaƙance. Ga abin da muka lura ya bambanta su.

Na farko, takarda. Mai kuɗi a hannu ba ya jiran a je a nemo takarda a ƙasan akwati. Kafin ki faɗa wa kowa, ki haɗa takardar cinikin da aka sayi gidan da ita, da shaidar mai unguwa ko dagaci. In gidan yana da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ki sani dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da ita sunan wani. A nan Kano, hukumar KANGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, kuma mai saye mai wayo can zai fara bincikawa. Gara ki riga shi.

Na biyu, in gidan gado ne, a fara gamawa da magada. A zauna da malami ko a je kotun shari'a, kowa ya san rabonsa. Matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, kada kunya ta hana ta tambaya. Mun ga cinikin da ya faɗa har an ba da kafin alƙalami, sai ga wani ɗa ya dawo daga Legas ya ce shi bai yarda ba. Daga ranar kowa ya guji gidan, aka sa masa suna gidan rigima.

Na uku, farashi. Mu da ke kasuwa mun sani, kayan da aka tsawwala wa kuɗi su ke kwana a rumfa. Kuɗin gida a Hotoro daban, a Kurna daban, har a layi ɗaya ma gidan bakin titi ba ɗaya yake da na cikin lungu ba. Ki tambayi nawa aka sayar da na kusa da ke, ba nawa aka sa masa ba. Tayin farko in ya yi ƙasa ki ce albarka cikin fara'a, amma kada ki rufe ƙofa.

Na huɗu, gyara kaɗan. Ba mu ce ki ci bashi ki sa tayil ba. A toshe inda kwano ke yoyo, a yashe kwata, a wanke banɗaki, a shafa fenti a zaure. A biya bashin kuɗin wuta. Masu saye da yawa sun fi son ganin gida da damina don su ga ko ruwa na kwanciya, saboda haka kada a ɓoye aibi. In akwai 'yan haya, a sanar da su da wuri cikin mutunci, su ma iyali gare su.

Na biyar, dillali. Ki ɗauki ɗaya ko biyu da unguwa ta san su, ku yanke maganar la'ada tun farko a gaban shaidu. In kika baza gida ga dillalai goma, kowa zai ɗora nasa a kai, mai saye ya ji farashi kala uku ya gudu. Kuma kada ki nuna kina cikin matsi. Duk wanda ya gane kina neman kuɗin asibiti gobe, rabin kuɗi zai taya.

Ranar biya, kuɗi su bi ta banki, ki ga shigarsu da idonki kafin ki miƙa takardun asali da makulli. Mu da muka koma ajin yaƙi da jahilci da girmanmu, wallahi a nan muka ga amfaninsa: yanzu sai mun karanta muke sa hannu. Wadda ba ta iya ba tukuna, ta zo da ɗanta ko wata daga cikinmu a karanta mata kafin ta dangwala.

A ƙarshe, 'yan uwa, sauri kan haifi nawa. In buƙatar ta 'yan watanni ce, ki fara zuwa ƙungiya a duba ko rance daga asusunmu zai ba ki sararin jiran mai saye na kirki. Don irin wannan ranar muke zubi duk wata.

Allah ya rufa mana asiri, ya ƙara haɗa kanmu, ya nuna mana na baɗi lafiya.