Fankar Lagireto: Jawabi Ga 'Yan'uwa Direbobi Da Masu Motoci



Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne fankar lantarki da ke bayan lagireto, musamman a tsofaffin motoci irin su Golf da Corolla da Accord. Waɗannan motoci injinsu a gicciye yake, saboda haka fanbel ba ya juya fankarsu, wutar batir ce ke juya ta. To, mu da ke zaune a nan Kudu mun san gosulo, ko na Oshodi ko na hanyar Agege. Mota na tsaye, iska ba ta ratsa lagireto, fankar nan ce kaɗai ke tsakanin mutum da ƙonewar gasket.

Da farko, yaya za ka gane laifin fanka ne? In allurar zafi tana hawa a gosulo, amma da ka hau buɗaɗɗen titi sai ta sauko, fanka ce. In kuwa a kan gudu take hawa, nemi laifin a toshewar lagireto ko tamostat ko famfon ruwa.

In ka tabbatar fanka ce, kada ka yarda a ce maka kawai a haɗa ta dairek. A bi ta daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na ɗaya, ruwa. Bari inji ya huce sarai kafin ka buɗe murfi, don murfin nan yana riƙe da matsi, ruwan ciki kan wuce digiri 100 bai tafasa ba, da ka buɗe sai ya yi tsartuwa ya saɓule maka fata. In ruwa ya yi ƙasa, makunnin zafi ba zai ji zafin ba, fanka kuwa ba za ta tashi ba.

Na biyu, fis. Galibi na amfiya 20 ne zuwa 30. In ya ƙone, sa irinsa daidai. Kada a naɗa masa zaren waya, wallahi haka motoci ke kamawa da wuta. In sabon ma ya ƙone, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko kuma fankar ta cije.

Na uku, ita kanta fankar. A cire soket ɗinta, a jawo mata waya biyu daga batir. In ta juya da ƙarfi, lafiyarta lau. In sai an ɗan ƙwanƙwasa ta take tashi, burushinta na ciki ya cinye. A kuma lura da wayoyin nan biyu, don in aka juya su, fanka za ta riƙa tura iska gaba maimakon ta jawo ta ta cikin lagireto zuwa inji.

Na huɗu, makunnin zafi da rile. Makunnin yana ɗaure a jikin lagireto ko kusa da tamostat, yana tada fanka in ruwa ya kai wajen digiri 90 zuwa 100. A Golf da Honda, in ka cire soket ɗinsa ka haɗa bakunan da guntuwar waya, makulli na buɗe, fanka za ta tashi. In ta tashi, makunnin ne ya mutu. Tsofaffin Toyota da yawa kuwa akasin haka ne, cire soket ɗin kawai ke tada ta. In shiru, musanya rile da wani irinsa daga cikin akwatin fis, ka kuma kankare tsatsar wayar da ke ɗaure a jikin mota, don damshin Kudu na cin ta.

Gargaɗi, jama'a: a wasu motoci fanka na tashi ko an zare makulli. Kada ka sa hannu sai ka cire kan batir. A kula da hannun babbar riga ma.

Me ya sa nake ƙin dairek? Fanka ba ta hutawa, tana saurin mutuwa, batir na wahala. In aka haɗa da cire tamostat, inji ba ya saurin kaiwa zafin aikinsa, sai shan mai ya ƙaru. Dairek na fitar da mutum daga daji ne, da ka iso gari sai a gyara. Kuɗin makunni ɗaya a Ladipo ko Agodi Gate ina zai kama ƙafar kuɗin sauke kan inji? Araha ba ta ado.

In ta ritsa da kai a hanya, allura ta doshi ja, kashe na'urar sanyi, buɗe hita har ƙarshe don ta janye zafi, ka nemi gefe ka kashe mota. Kada ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan inji na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Roƙona shi ne, duk mako, bayan ka dawo daga aiki, ka bar mota tana silo, ka tsaya ka ji fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. Da yawanmu da motar nan muke ciyar da iyali a nan, mu kuma aika gida.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai mu gida lafiya.