Murhun Gas Da Waya Ta Uku: Jawabi A Taron Ƙungiya

Shugaban taro, malamanmu, dattawa, iyaye mata da 'yan'uwa mazauna Paiko, barkanmu da haɗuwa.

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan murhun gas. Itace ya yi tsada, kananzir ya fi ƙarfin talaka, don haka gidajenmu da yawa sun koma gas. To amma murhun zamani, irin wanda ake kafawa a kan kanta, yana zuwa da filogi. Da wutar lantarki yake yin tartsatsin da ke kunna shi. Ke nan gas da lantarki sun haɗu a ɗakin girki guda, kuma a nan maganarmu take.

Ku dubi filogin da kyau: ƙafa uku gare shi, waya uku a ciki. Ruwan ƙasa ita ke kawo wuta, shuɗiya ke mayar da ita. Ta ukun, koriya mai ratsin rawaya, ita ce wayar ƙasa. A tsofaffin gidaje za ku tarar da ja, baƙa da koriya. Wasu masu wayarin sukan yanke ta ukun, su ce ai murhu na kunnuwa ba tare da ita ba. Gaskiya ne, yana kunnuwa. Amma jikin murhu ƙarfe ne. Ranar da zafi ya narkar da robar waya, ko ɓera ya ci ta, wuta mai ƙarfin bolt 230 za ta hau jikin ƙarfen. In akwai wayar ƙasa, wutar za ta bi ta nan, na'urar tsaro ta katse ta. In babu, sai ta zauna tana jiran uwargida ta zo da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi.

Mu da yawanmu haya muke zaune, wasu gidajen tun zamanin NEPA aka yi musu wayarin da waya biyu kacal. Soket mai rami uku ba hujja ba ce. Sau da yawa ramin saman fanko ne. Saboda haka kafin a kafa murhu, a kira ƙwararre ya gwada da mita. Hukumar NEMSA, wadda dokarta ta fito a 2015, ita ke ba masu wannan sana'a takardar shaida. Ba rashin kunya ba ne a ce, "Malam, mu ga takardarka."

In gidan ba shi da wayar ƙasa, a zauna da mai gida cikin mutunci, a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a haɗa ta da akwatin wuta, a sa na'urar RCD mai miliamfa 30. Kuma a sake gwaji lokacin hunturu, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta kamar ta damina. Kada a yarda a ɗaura wayar ƙasa a jikin bututun gas ko tukunyarsa.

Sai wurin soket. Kada ya zama daidai saman wuta, kada kuma ya zama ƙasa kusa da tukunya. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, kuma soket mai lako-lako tartsatsi yake yi. Murhu ya samu nasa soket, ban da jona shi tare da firji da dutsen guga. A sa fis ɗin da takardar murhun ta ce, yawanci mai amfa 3, ba guntun waya ba. Waya kuma ta bi hanyarta, tiyon gas ya bi tasa.

Iyaye mata, wannan taku ce. In kun ji warin gas, kada ku kunna fitila, kada ku kashe wadda ke kunne, kada ku zare filogi. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. In ana neman inda yake tsiyaya, da kumfar sabulu ake nema, ba da ashana ba.

Jama'a, gidajenmu a manne suke da na masu masaukinmu Gbagyi, kuma gobara ba ta tambayar ƙabila. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su nemo ƙwararre guda ya zagaya gidajen membobi kafin hunturu, mu haɗa kuɗin aikinsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.