'Yan Bindigar Ƙofar Fada da Wata Matsalar Lissafi



Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Ƙofar Fada, cikin birnin Zariya, ya ji yadda 'yan bindiga kan saki wuta har ƙasa ta amsa. Su kam suna ganin juna, suna kuma jin muryar shugabansu. To, a ce an jera su sahu guda, kowa ba ya ganin kowa sai na damansa da na hagunsa, ba wanda ya san yawansu, shugaba kuwa yana can bakin sahu. Ta ƙaƙa za su harba gaba ɗaya, ba tare da wani ya riga wani ba?

John Myhill ne ya ƙago wannan tambaya a Amurka cikin 1957, Edward Moore ya buga ta cikin 1962, watau shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da suke nufi shi ne jerin ƙananan na'urori iri ɗaya, kowace tana sauya halinta a kowane bugun agogo bisa ga halin maƙwabtanta biyu.

Ga dabarar. Shugaba ya aika da saƙo biyu, ɗaya ya ninka ɗaya sauri sau uku. Mai saurin ya kai ƙarshen sahu ya juyo, sai su haɗu daidai tsakiya. Wanda suka haɗu a kansa ya zama sabon shugaba, ya aika da nasa saƙonnin dama da hagu. Haka za a yi ta raba sahu biyu-biyu har kowa ya zama shugaba. A wannan bugun ne duka za su harba.

In su 100 ne, wannan hanya na cin bugu wajen 300. Eiichi Goto na Japan ya samo mafi sauri cikin 1962, mai cin bugu 198, amma sai da halaye dubbai. Waksman ya rage su zuwa 16 cikin 1966, Balzer zuwa 8 cikin 1967, Mazoyer na Faransa zuwa 6 cikin 1987. An tabbatar 4 ba za su isa ba. Saura 5, wadda har yau ba a warware ba.

'Yan'uwa, gobe mu ne a ofisoshi, inda umurni kan bi hannu-hannu. Ku lura, na kusa da shugaba shi ya fara jin labari, amma da ya yi gaggawar harbi da aikin duka ya ɓaci. Masu karatun lissafi kuwa, ga 5 nan tana jiranku.