Ziyarar Gidajen Tarihi na Vatikan: Abin da Gaggawa ke Hana Baƙo Gani

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan adana kayan tarihi



A watan Janairun 1506, wasu masu haƙa a wata gonar inabi da ke birnin Rum suka ci karo da wani mutum-mutumin dutsen marmara: dattijo da 'ya'yansa biyu, macizai sun nannaɗe su. Da labari ya isa kunnen Fafaroma Juliyas na 2, sai ya tura masana su duba, ciki har da Mikelanjelo. Suka tabbatar Lawokon ne, limamin birnin Taroyi da ke cikin tatsuniyoyin Girkawa. Fafaroma ya saye shi ya ajiye a farfajiyar fadarsa. Daga wannan sayayya ake ƙirga tarihin Gidajen Tarihi na Vatikan, waɗanda yau suke riƙe da kayayyaki kusan 70,000, kimanin 20,000 daga ciki ne ke fili don kallo.

Ƙasar Vatikan gaba ɗayanta hekta 44 ce, amma mutum sama da miliyan 6 ke shiga waɗannan gidaje a shekara. Wanda ya je ba tikiti a hannu zai tarar da layi ya miƙe a jikin ganuwa tun da sassafe, musamman ranar Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta. Akwai ƙa'idar sutura, dole a rufe kafaɗa da gwiwa. Da an wuce bincike, allunan nuna hanya duk wuri ɗaya suke nunawa, wato Majami'ar Sistin, kuma can jama'a ke kwarara kamar an saki ruwa. Mai wannan takarda na ganin a nan asarar baƙo take farawa.

A koma kan Lawokon. An tono shi babu hannun dama, aka ƙera masa wani a miƙe sama, ya shafe ƙarnoni da shi. A tsakani har gudun dole ya yi, domin Napoliyon ya kwashe shi zuwa Faris bayan wata yarjejeniya ta 1797, sai 1816 ya dawo. A 1906 wani masanin kayan tarihi, Ludwig Pollak, ya tsinci wani guntun hannu a lanƙwashe a wajen masu sassaƙar dutse a Rum. Sai a 1957 aka gamsu cewa na Lawokon ne, aka cire na aro aka mayar masa da nasa. Wanda ya tsaya minti biyar zai ga wurin haɗin, ya ga jijiyoyin cinya a ɗaure, ya ga bakin macijin a kan ƙugu. Mai sauri hoto kawai zai ɗauka ya wuce.

Gaba akwai Zauren Taswirori mai tsawon mita 120, inda aka zana taswirori 40 na yankunan Italiya a bango tsakanin 1580 da 1583, ƙarƙashin jagorancin Ignazio Danti. Galibin masu wucewa rufin zinariya ke ɗauke musu hankali.

Inda ya kamata baƙo Musulmi ya ja birki shi ne ɗakunan da mai zane Rafayel ya ƙawata. A zanen da ake kira Makarantar Atina, wanda aka yi tsakanin 1509 da 1511, Aflatun da Aristo na tsaye a tsakiya, masana na kewaye da su. A gefen hagu, wani mai rawani ya sunkuyo yana leƙen littafin da Fisagoras ke rubutu a ciki. Masana sun ɗauke shi a matsayin Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba wanda Turawa suka karanci Aristo ta hanyar sharhinsa. A ɗakin da Fafaroma ya keɓe wa littattafansa aka zana shi, kuma wannan shaida ce ta bashin ilimi da masu zanen da kansu ba su ɓoye ba.

Majami'ar Sistin ta cancanci sunan da ta yi. Mikelanjelo ya zana rufinta daga 1508 zuwa 1512, a tsaye bisa dandamalin katako, kai a ɗage, yana shafa launi a kan ɗanyen shafe kafin ya bushe. Ya dawo ya zana Ranar Hisabi a bangon gaba daga 1536 zuwa 1541. Ya dace a faɗa wa baƙo tun daga gida cewa zai ga siffofin annabawa har da na Ubangiji bisa al'adar zane ta Katolika, abin da Musulunci bai yarda da shi ba, don ya shiga da saninsa. Wurin ibada ne har yau, a nan ake zaɓen Fafaroma, kamar yadda aka zaɓi Liyo na 14 a watan Mayun 2025. An hana ɗaukar hoto, masu gadi kuma ba sa gajiya da roƙon a yi shiru.

Cunkoson na da tsada. Numfashi da gumi da ƙurar takalma suna cin zane a hankali. An ɗauki daga 1980 zuwa 1994 ana wanke hayaƙin kyandir da dattin ƙarnoni, da kuɗin wani gidan talabijin na Japan. A 2014 aka saka sababbin na'urorin tace iska da fitilu marasa zafi. Duk da haka mai takarda na ganin na'ura ba za ta maye gurbin rage yawan masu shiga a lokaci guda ba.

Akwai kuma sashen da 'yan kaɗan ke leƙawa, Anima Mundi, mai kayayyaki daga Afirka, Asiya, nahiyar Amurka da tsibiran Fasifik. Tushensa baje kolin da Fafaroma Piyus na 11 ya shirya a 1925, inda 'yan mishan suka aiko da kaya daga ƙasashen da galibi ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Tambayar ko kyauta ce ta son rai ko akasin haka ba ta mutu ba. A 2023 Vatikan ta mayar wa Girka guntaye uku na haikalin Fatinon, a 2025 kuma ta miƙa kayayyaki 62 domin su koma hannun 'yan asalin Kanada. Ƙofa ta buɗe ke nan, kuma masana daga Afirka na da haƙƙin sanin abin da ke ajiye a ɗakunan da ba a buɗe wa baƙi.

Saboda haka duk mahalarcin da Allah ya kai shi Rum, ya sayi tikitinsa ta intanet tun kafin tafiya, ya ware yini guda cur, ya tsaya gaban Lawokon da mai rawanin nan, sannan ya nemi sashen Afirka ya rubuto mana abin da ya gani.