Tsakanin Aji Shida da Ƙaramar Sakandare: Jawabi ga 'Yan Cheberu Mazauna Birane

 

An ɗora mini magana a kan tarbiyyar yaranmu, ni kuwa zan tsaya ga shekaru uku kawai: daga 11 zuwa 14, lokacin da yaro ke barin firamare ya shiga ƙaramar sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da waɗannan shekaru tilas kuma kyauta. Sai dai doka na iya kai yaro aji, ba ta iya sa masa son karatu.

Masana halayyar yara, cikinsu har da Farfesa Jacquelynne Eccles ta Amurka, sun lura cewa a daidai wannan gaɓa himmar karatu takan yi ƙasa. Asalin halin yaro bai cika sauyawa ba. Mai natsuwa yakan ci gaba da fin tsaransa natsuwa. Abin da ke sauyawa shi ne makarantar. Jiya malami ɗaya ya san sunansa da na mahaifinsa, yau malamai barkatai ke shiga suna fita, a daidai lokacin da ya fi buƙatar babban da zai kula da shi.

A garinmu kuwa akwai ƙari. Shekarun nan ne ƙarfin yaro ke kai wa ga noman gero da aikin albasa, yana ganin yayyensa na dawowa daga ci-rani da sabuwar waya. Yarinya kuma ga talla, ga maganar aure ta fara. Sai mu ce yaron ya lalace, alhali lissafi ya yi, kuma babu wanda ya nuna masa wani lissafin.

Mu 'yan ƙasar Gwandu muna da misali a gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambata a littafinsa Ida'un Nusukh cewa yana da shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa Shehu Usmanu domin karatu. Yayansa fa, jama'a.

Saboda haka ina roƙon kowane ɗayanmu da ke Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna ko Abuja ya ɗauki yaro guda na ajin farko na sakandare, ya san sunan malaminsa, ya duba sakamakonsa kowane zango. Idan an zo hutun Sallah, a ɗauke shi a kai shi Kalgo ya ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ya ga yadda take kusa da gida. Sakatare na da takardar rubuta suna a bakin ƙofa.